Feshin homon ga waken soya a gona mai gubar ƙarafa: awo, lokaci da iyakar amfaninsa

Waken soya da aka shuka a ƙasa mai dalma, kadmiyom ko kuromiyom yakan tsiro lafiya lau. Sai ya yi mako biyu zuwa uku sannan ya tsaya cik, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Sabon ganye ya ɗashe ya koma ɗorawa, jijiyoyin ganye da 'yan sandunansu su yi ja mai duhu, gefen ganye ya nannaɗe. In ka tuge guda, sai ka tarar da saiwa gajera mai launin ƙasa-ƙasa, babu ƙananan gashin nan, ƙululun da ke tara wa wake takinsa kuma ba su fi a ƙirga da yatsu ba. A ƙara yuriya, shiru.

Feshin homon, wato sinadaran da tsiro ke sarrafa girmansa da su, yana iya taimaka wa irin wannan wake ya farfaɗo. Sai dai a san iyakarsa tun daga farko: feshin yana ƙara wa tsiro juriya ne, ba ya cire ko ƙwayar zarra ta ƙarfe daga ƙasa, kuma ba ya tabbatar da cewa waken da za a girbe ya dace da ci. Gona na iya yin kore shar, 'ya'yanta kuma na ɗauke da guba. Don haka feshi shi ne aiki na uku, bayan gwaji da gyaran ƙasa, kuma akwai wani gwajin a bayansa.

Gonakin da ya kamata a yi wa zargi

Ba kowace gona ke da wannan matsala ba, kuma tarihin wuri ya fi kalar ganye faɗin gaskiya. Na farko su ne filayen da ke kusa da inda ake niƙa ko wanke dutsen zinari. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, a 2015 kuma aka sake ganin irinta a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Duk gonar da ruwan wankin dutse ke gangarowa cikinta da damina tana cikin wannan sahu. Na biyu su ne fadamun da ake ba ruwan masana'antu da rani, kamar waɗanda ke bin kogin Challawa da Jakara a Kano, inda ruwan kamfanonin jima ke ɗauke da kuromiyom. Sai tsofaffin ramukan kuza na Filato, da gonakin bayan gari da aka shekara ana zuba musu takin bola, wanda ba ya rasa matattun batura, gwangwanayen fenti da tokar wayoyin lantarki.

Kafin a ɗora wa ƙarfe laifi, a kawar da masu kama da shi, domin suna da yawa. Ɗorawar da ta fara daga tsofaffin ganyen ƙasa yawanci ƙarancin naitirojin ne ko kwanciyar ruwa. Gonar da aka zuba wa maganin ciyawa atirazin da yawa bara saboda masara tana iya ƙone gefen ganyen waken bana. Ƙasa mai tsami sosai tana sakin manganis, ganye ya yamutse ya yi ɗige-ɗige. Tsatsar waken soya kuwa a bayan ganye ake ganin ƙurajenta. Babu ɗaya daga cikinsu da homon ke warkarwa.

Ido ba ya raba wannan gardama, sai ɗakin gwaji. A zaga gonar a karkace, a ɗebi ƙasa daga wuri 15 zuwa 20, zurfin santimita 20, a gauraya a bokitin roba, a shanya a inuwa, a ɗauki rabin kilo a sabuwar leda. Kada a yi amfani da bokitin kwano ko wani abu mai fenti, domin shi kansa zai ƙara wa samfurin zinki ko dalma. Gefen da ruwa ke shigowa a ɗebe shi daban, kada tsabtatacciyar ƙasar tudu ta ɓoye dattinsa. Sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wurare ne da za a fara tuntuɓa. A nemi a auna dalma, kadmiyom, kuromiyom da nikel, tare da tsamin ƙasa, wato pH. A yi wannan tun da rani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan sakamako ya nuna dalma ta kai ɗaruruwan miligiram a kilo ɗaya na ƙasa, maganar feshi ba ta taso ba. A ƙauyukan Zamfara abin da aka yi shi ne kankare saman ƙasar aka binne, aka shimfiɗa sabuwa. Feshi na gonar da gubarta ƙarama ce zuwa matsakaiciya.

Gyaran ƙasa

Kadmiyom, dalma da nikel sun fi narkewa su shiga saiwa idan ƙasa na da tsami, musamman pH ƙasa da 6. Farar ƙasar noma, tan 1 zuwa 2 a hekta gwargwadon gwaji, a juya ta cikin ƙasa aƙalla mako 3 zuwa 4 kafin shuka, tana ɗaga pH zuwa wajen 6.5, ta rage abin da tsiro ke zuƙa. Ƙasa mai rairayi ba ta buƙatar farar ƙasa da yawa kamar laka. Ruɓaɓɓen takin dabbobi da gawayin ɓuntun shinkafa suna riƙe ƙarafan a jikinsu. Takin sufa, buhu 4 a hekta, dama waken soya na buƙatarsa, kuma fosfet ɗin cikinsa yana ɗaure dalma ta koma sifar da ba ta narkewa da sauƙi.

Kuromiyom ne ya fita daban. Nau'insa mafi guba ya fi yawo a ƙasar da ba ta da tsami, don haka farar ƙasa ba maganinsa ba ce. A fadamar ruwan jima, takin gargajiya ne abin dogaro, domin shi ke mayar da shi nau'in da ya fi lafawa. Kuma ko me za a yi, a fara toshe hanyar da gurɓataccen ruwa ke bi ya shigo.

Abin da homon ke yi a cikin ganye

Kadmiyom yana shiga saiwa ta ƙofofin da zinki, ayon (sinadarin baƙin ƙarfe) da manganis ke bi, ya tare musu hanya. Dalilin ɗashewar sabon ganye ke nan. A cikin ƙwayoyin tsiro kuma ƙarafan suna jawo taruwar sinadarai masu ƙuna, ciki har da haidurojin farokzayid, irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Su ne ke cinye koren ganye, su huda fatar ƙwayoyin. Tsiro yana da masu tsaronsa: wasu inzam da ke kashe wannan ƙuna, da wasu sinadarai da ke kama ƙarfen su kulle shi a wani ɗan rumbu cikin ƙwayar. Homon ba abinci ba ne, saƙo ne da ke cewa masu tsaron nan su tashi da wuri kuma su yi yawa. Shi ya sa abin da ake buƙata ɗan mitsitsi ne, kuma shi ya sa ƙari ke zama ɓarna.

Yawancin gwaje-gwajen da suka nuna amfanin wannan feshi a cikin tukwane aka yi su, a ɗakunan reno, inda ruwa da zafi ke hannun mai bincike. A fili ribar takan gaza haka. Wannan dalili ne na a fara da ɓangaren gona kafin a game ta duka.

Salisilik asid

Cikin homon ɗin da ake fesawa, shi ya fi dacewa a fara da shi: yana da araha, ba ya lalacewa da wuri, kuma tazarar da ke tsakanin awon da ke amfani da wanda ke cutarwa tana da ɗan faɗi. Farin gari ne da ake samu a shagunan kayan ɗakin gwaji. Awon da ya dace shi ne miligiram 70 a litar ruwa, wato giram 1.1 a famfon goyo mai lita 16. Ninkin wannan shi ne iyaka. In aka wuce, bakin ganye ya ƙone, girma ya ja baya.

Matsala biyu ke tattare da shi: auna giram 1 sau goma sha biyu a bakin gona ga kowace hekta, da kuma cewa garin ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, sai ya riƙa yawo a sama ya toshe kan famfo. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa uwar magani a gida. A auna giram 14 da ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal, a zuba a kwalba, a ƙara sifirit na kemis har ya kai mililita 250, a girgiza har ya narke garau. Wannan kwalba ta hekta ɗaya ce. A gona, a cika famfo rabi da ruwa, a zuƙo mililita 20 da sirinji, a tsiyaya ana motsawa, sannan a cike. A rubuta suna a jikin kwalbar, a ajiye ta nesa da wuta da hannun yara.

Wanda bai samu garin ba yana iya amfani da asfirin, domin ɗan uwansa ne na kusa kuma yana rikiɗewa ya koma shi. Ƙwaya 5 masu miligiram 300 a famfo ɗaya sun yi daidai da awon sama. A daka su, a narkar da ruwan ɗumi, a tace da ƙyalle. Asfirin zalla ake nufi. Farasitamol ba ya wannan aiki, haka ma garin ciwon kai da aka haɗa da kafeyin.

Burasinolayid

Wannan ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma a nan ne aka fi yin kuskuren awo. Ana sayar da shi a matsayin ruwa ko gari, galibi da rubutun Brassinolide 0.01% a jikin kwali. Abin da ake so ya isa ganye bai wuce miligiram 0.03 zuwa 0.05 a lita ba, wato mililita 5 zuwa 8 na mai 0.01% a famfo mai lita 16, ko mililita 60 zuwa 100 a hekta. A karanta lambar da kyau. Idan 0.1% aka rubuta, ya ninka ƙarfi sau goma, abin da famfo ke buƙata bai kai mililita 1 ba. Murfin kwalba ba ma'auni ba ne. A sayi sirinji. Ya fi nuna amfaninsa wajen dawo da koren ganye da ƙarfafa saiwa. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, domin babu yadda za a yi ido ya bambanta na gaskiya da ruwan kala.

A kakar farko a zaɓi ɗaya, ko salisilik ko burasinolayid. In an haɗa su aka ga sauyi, ba za a san wanda ya yi aikin ba, balle a san wanda za a sake kashe wa kuɗi.

Jibaralik asid da sauransu

GA3, kamar yadda ake rubuta shi a kwali, shi ya fi saurin burge manomi: cikin mako guda wake ya miƙe. Amma tsawo ba amfani ba ne. Kara yakan yi siriri, gaɓoɓi su yi nisa da juna, iskar watan Agusta ta kwantar da shi. Bayan haka, masu neman tsiro ya zuƙe ƙarfe daga ƙasa don tsabtace ta sukan yi amfani da GA3 da wani homon mai suna oksin ne don ƙara yawan abin da ake zuƙa. A gonar abinci wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. In wake ya tsumbure ƙwarai kuma dole a gwada, kada a wuce miligiram 10 a lita, sau ɗaya, kafin fure: ƙwaya mai giram 1 na GA3 a narkar a lita 1 ta ruwa, a raba wa famfo 7, a ƙarar a ranar, domin yana lalacewa a cikin ruwa. A gonar da gwaji ya nuna kadmiyom, a haƙura da shi.

Dangin oksin, irin su NAA, a bar wa masu bincike. Waken soya ba ya jure su.

Lokaci da yadda ake feshin

Feshin farko idan wake ya yi ganye masu rassa uku guda 3 zuwa 4, wajen kwana 21 zuwa 25 da shuka, bayan noman firi. Kafin a fesa a tuge tushe biyar, a wanke saiwar, a fasa ƙululu da farce. In cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin da ke tara naitirojin sun kama aiki, a ci gaba. In babu ƙululu ko fari ne, a jira mako guda, domin salisilik yana rage samuwar sababbin ƙululu idan ya riga su zuwa. Saboda wannan dalili ne ma bai kamata a jiƙa iri a ruwan homon ba, balle irin da aka shafa wa NoduMax, garin ƙwayoyin da ke haifar da ƙululun. Ga shi kuma fatar waken soya ba ta son jiƙo, tsagewa take yi.

Feshi na biyu da ganin furen farko. A iri mai saurin nuna kamar TGx 1835-10E yakan zo wajen kwana 40, a TGx 1448-2E ya ɗan wuce haka. A bi tsiron, ba kalanda ba. Na uku, in ana ganin buƙata, kwana 10 zuwa 14 bayan nan, lokacin da kwanso ya fara fitowa. Daga nan a tsaya.

Hekta tana cin lita 200, famfo 12 da rabi. Don mai feshi ya san takunsa, a auna fili mita 10 sau 10, ya fesa ruwa zalla; ya kamata ya ƙarar da lita 2. In ya ƙarar da 3, to ya rage jinkiri ko ya sauya kan famfo, in ba haka ba kowane tsiro zai sha ninki ɗaya da rabi na abin da aka tsara. Ganyen waken soya yana da gashi, ruwa yakan taru ya gangare, don haka a sa sitika marar ƙarfi, wato sinadarin da ke manna feshi a ganye, mililita 8 zuwa 10 a famfo ko yadda kwalinta ya ce. A jiƙa sama da ƙasan ganye har ya yi sheƙi, ba har ya riƙa ɗiga ba.

A yi feshi da safe bayan raɓa ta bushe, ko bayan la'asar. Ana son awa 4 zuwa 6 ba ruwan sama, don haka in hadari ya haɗu a gabas a bar shi sai gobe. Waken da ya yanƙwane saboda fari ba ya karɓa, sai ya sha ruwa ya miƙe. Ruwan haɗi kuwa na rijiyar burtsatse ko na sama, ba na rafin da ake zargi ba. Abin mamaki ne yawan waɗanda ke ɗibar ruwan da ya kawo cutar su haɗa magani da shi.

A bar kunya huɗu a tsakiyar gona ba feshi, a kafa musu turaku. Bayan kwana 10 zuwa 14 a kwatanta sabon ganye da sabon ganye. Wanda ya riga ya yi ɗorawa ba zai dawo ba, kada a auna nasara da shi.

Inda aiki ke lalacewa

Babbar ɓarna ba daga homon take zuwa ba, daga famfo ne. Famfon da aka fesa maganin ciyawa 2,4-D da shi a gonar masara ko shinkafa yana riƙe saura a tiyo da roba, kuma ɗan abin da ya rage ya isa ya sa ganyen waken soya ya tsuke ya yi tsawo kamar tsinke, kara ya murɗe. Mafi kyau a keɓe famfo daban. In babu hali, a cika shi da ruwan omo ya kwana, a fesar, a ɗauraye sau uku har da tiyo da kai, sannan a gwada a kunya ɗaya a jira kwana uku.

Kada a haɗa homon da maganin ciyawa, ko da maganin naman gwari mai jan ƙarfe, wanda shi kansa ƙarfe ne da ke taruwa a ƙasa. Maganin ƙwari a ba shi tazarar kwana biyu zuwa uku. A gonar kadmiyom, feshin zinki salfet giram 2 zuwa 3 a lita yana da amfani, domin zinki yana gogayya da kadmiyom a hanyarsa ta zuwa 'ya'ya, amma shi ma a ranarsa daban. In bakin ganye ya ƙone bayan kwana biyu, awo ne ya yi yawa ko rana ta yi zafi. A fasa feshi na gaba har sabon ganye ya fito lafiya.

Girbi

Dalma ta fi zama a saiwa, kaɗan ke hawa zuwa 'ya'ya. Haɗarinta ya fi yawa a ƙurar da ke manne wa kwanso da wake lokacin sussuka. A yanke wake maimakon tugewa, a shanya a buge a kan tamfol, ba a ƙasa ba, kuma kada a kai shi injin ko turmin da dutsen ma'adini ya taɓa shiga. Kadmiyom kuwa yana hawa har cikin ƙwaya, kuma waken soya ya fi masara tara shi.

A auna amfanin kunyoyin da aka fesa da waɗanda aka bari daban-daban, a aika rabin kilo na kowanne ɗakin gwaji. Tarayyar Turai ta sa iyakar kadmiyom a waken soya miligiram 0.20 a kilo. Ma'aunin Kodes na hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da WHO, ya sa dalma a dangin wake miligiram 0.1 a kilo. Waken da ya wuce waɗannan bai dace da awara, madara, daddawa ko kunun yaye ba. Dafuwa, suya da ruɓarwa ba sa kashe ƙarfe. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce, kadmiyom kuma yana shekaru a ƙoda.

In masu matse mai za a sayar wa, a gaya musu sakamakon, domin ƙarafan sun fi zama a cikin tunkuza, ita kuma abincin kaji ake yi da ita. Harawa da ƙaiƙayin irin wannan gona kada a ba dabbobi, kada a ƙone a watsa tokar, kada a sa a ramin taki. A binne su nesa da rijiya da hanyar ruwa. Idan an zuba farar ƙasa da taki, an yi feshi kaka biyu a jere, gwajin 'ya'ya kuma bai sauko ƙasa da iyaka ba, a mayar da filin na auduga ko itatuwan katako, kuma ko da rani kada a saka masa alayyahu ko latas.